Daga dajin Bama zuwa aikin ɗan doka: muhawara kan mazan jiya

Jikan Saje: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, ina so manya da masana su sa baki. Kakana na wajen uba yana cikin waɗanda aka ɗiba zuwa yaƙin Bama, wato Myanmar ta yau, a lokacin yaƙin duniya na biyu. Ya shiga soja yana saurayi, ya tafi Indiya ta jirgin ruwa a 1943 tare da runduna ta 81, ya dawo a 1946 da igiya uku a hannu. Bai daɗe da dawowa ba ya shiga aikin ɗan doka, wato ɗan sandan En'e, hukumar mulkin sarakuna, yana nan har lokacin da aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan Najeriya aka sallame shi. A gidanmu gwarzo ne, lambobinsa na yaƙi suna nan a adane. Amma a unguwa labarin daban yake. Tsofaffi sun ce in aka jiyo takunsa, har masu tallar goro tattara faifansu suke yi. To tambayata ita ce, yaƙin ne ya mayar da shi haka, ko aikin dokan? Kuma daidai ne a ɗauko mutumin da aka koya wa kisa a miƙa masa kulki a ce ya tsare kasuwa?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan kakanka. Kafin a yi masa hukunci, bari mu fara ganin inda ya fito, don da yawa daga cikinmu sunan Bama kawai muke ji.

Ingila ta kafa runduna biyu daga Afirka ta Yamma a 1943, ta 81 da ta 82, don yaƙar Japan. Sojojin sun fito daga Najeriya da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya, kuma 'yan Najeriya ne suka fi yawa. Tambarin ta 81 gizo-gizo ne, na ta 82 kuwa mashi biyu ne a gicciye bisa gammo. Wannan gammon ba ado ba ne. Dazuzzukan da aka tura su ba hanyar mota, don haka aka haɗa su da rukunin sojojin dako, harsashi da abinci da sassan manyan bindigogi duk a ka ake ɗauka, sauran kaya kuma jirgin sama ke jeho musu da lema. Runduna ta 81 ta yi yaƙinta a kwarin kogin Kaladan a 1944, da hannu suka sare hanyar jif cikin duwatsu. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci garin Myohaung. Wata birged ta 'yan Najeriya kuma an cire ta an haɗa da dakarun Chindit na Janar Wingate, waɗanda ake saukewa a bayan layin abokan gaba. Wanda ya san barikin Chindit a Zariya, ko Dalet da Kalapanzin a Kaduna, ko Dodan da Myohaung a Legas, to daga can sunayen suka samo asali.

Da aka gama yaƙi a 1945 sai da suka yi watanni suna jiran jirgi. Suka dawo da ɗan kuɗin sallama da bai kai na sojan Bature ba. Gwamnati ta yi doka a 1945 cewa ma'aikatu su riƙa ɗaukar tsofaffin sojoji, amma wanda ya koyi tuƙi ko kanikanci ko aikin waya a soja shi ya more ta. Wanda bindiga da fareti kaɗai ya iya, ƙofofin da ke buɗe masa kaɗan ne: masinja, mai gadi, gandiroba, ɗan doka. Kakanka ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofin ya shiga.

Ɗan Sawaba: Malam, duk mun ji, amma kada tarihin Bama ya rufe mana tarihin gida. Mahaifina ɗan jam'iyyar adawa ta NEPU ne tun farkonta, tun bayan kafa ta a 1950. Tela ne, ba shi da komai sai kekensa. An kama shi saboda ya halarci lacca ba da izini ba, 'yan doka suka ɗaure shi da igiya suka taka da shi a ƙasa har gaban alƙali, ana dukansa a hanya mutane suna kallo. Har ya rasu hannunsa na hagu ba ya miƙewa sosai. Kuma ya sha faɗa mana cewa waɗanda suka fi zafin hannu su ne 'yan Bama. Ni ba zan kira mutumin da ya yi wannan gwarzo ba, ko lambobi nawa ya rataya.

Jikan Saje: Baba Ɗan Sawaba, Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Ban zo kare kowa ba. Abin da ya sa na kawo maganar ke nan, don na san akwai gidaje irin naku.

'Yar Samanja: Ni 'yar tsohon soja ce da ya zama ɗan doka, ba jika ba, don haka a gidan na tashi. Bari in gaya muku abin da mutanen kasuwa ba su gani ba.

Ƙwaurin Babanmu duk tabo ne, ƙanana ƙanana baƙaƙe, tun daga idon sawu har gwiwa. Muna yara muka tambaya, ya ce matsattsaku ne, in sun kama mutum a cikin ruwa sai an ɗora musu wutar taba suke saki. Iyakar abin da ya taɓa gaya mana game da yaƙin ke nan. In damina ta kankama, ruwa ya kwana yana zuba a kan kwano, ba ya barci. Sai ya fito zaure ya zauna a kan buzu ya jingina da bango, fuskarsa na kallon ƙofa, carbi a hannu har a kira assalatu. Innarmu ta hana mu tashinsa daga barci ta hanyar taɓa shi, sai dai a tsaya daga bakin ƙofa a yi sallama da ƙarfi, tun ranar da ya shaƙe ƙaninsa cikin magagi. Da gari ya waye kuma zai goge ɗamararsa har tana ƙyalli, ya naɗe ƙafa, ya kafa hula ya fita, ba wanda zai ce bai runtsa ba.

A zamanin nan da an ce yana da ciwon da yaƙi ke bari a zuciya, a kai shi asibiti. A lokacin cewa ake yi iska ce ya kwaso a ƙasar Indiya, a yi masa rubutu da turare. Ban ce wannan ya halatta masa dukan kowa ba. Amma wanda ya ɗauki mutum a wannan hali ya tura shi cikin taron jama'a masu ihu, ya ce ya watsa su, shi ma yana da nasa kason na alhaki.

Ɗan Sawaba: Hajiya, na tausaya, wallahi. Amma mahaifina ba shi ya tura su Bama ba.

'Yar Samanja: Haka ne Alhaji. Ba shi ya tura su ba, kuma bai cancanci abin da aka yi masa ba.

Baba Mai Ritaya: Salamu alaikum. Ni na yi aikin ɗan sanda har na yi ritaya, kuma na tarar da ragowar mutanen nan a farkon aikina, wasu sun shigo ta haɗewar da aka yi, wasu kuma daga sojojin yaƙin basasa. Don haka abin da zan faɗa na gani ne.

Aikin soja da aikin ɗan sanda kaki ne kawai ya haɗa su. Soja ana koya masa cewa duk wanda ke gabansa abokin gaba ne, a gama da shi da wuri. Ɗan sanda wanda ke gabansa maƙwabcinsa ne, gobe za su haɗu a masallaci, kuma ko da ɓarawo ne aikinsa ya kai shi gaban shari'a da ransa da lafiyarsa. Soja yana aiki cikin rukuni, akwai mai ba da umarni a kusa. Ɗan sanda sau da yawa shi kaɗai ne a bakin tasha, mutum biyu sun kawo masa rigimar bashi, ba wanda zai tambaya, sai hankalinsa. Rabin aikinmu sauraro ne da rubutu: ɗaukar jawabi, cika littafin caji ofis, tsayawa a kotu lauya yana juya ka. Tsohon soja da bai yi makaranta ba a nan yake kasawa, in ya kasa kuma sai ya koma ga abin da ya iya.

Amma in na tsaya nan na zalunce su. Ban taɓa ganin masu riƙon amana irinsu ba. Akwai wani tsohon kofur da muka zauna da shi a wani ƙaramin ofis na ƙauye. In aka ba shi ajiyar kayan shaida, ko kwabo ba ya ɓata. Ba ya makara, ba ya barin wurin gadi ko ruwa ake da ƙanƙara. Ranar da aka taso wani da ake zargi da satar akuya, jama'a suka biyo shi da sanduna za su kashe, mu samari muka rikice, wani har ya fara laluben bindiga. Shi kuwa ya fito ya tsaya a bakin ƙofa hannunsa a baya, bai ɗaga murya ba, ya kira dattawan cikinsu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya ce su shigo a zauna. Taron ya watse ba a fasa kan kowa ba. Wanda ya ga mutuwa da idonsa ba ya firgita da ihu, kuma ɗan sanda mai firgita shi ne ya fi kowa haɗari. Yawancin harbin da ake yi wa jama'a, daga matsoraci yake fitowa.

Matashin Zaure: Baba, to ke nan kana goyon bayan a riƙa mayar da sojoji 'yan sanda? Don ni a ganina matsalar da muke ciki a yau daga nan ta faro. An gina aikin tun farko a kan tsoratarwa.

Baba Mai Ritaya: Ɗana, ina goyon baya in za a sake musu horo na gaskiya, ba na sati biyu ba, kuma a duba lafiyar zuciyarsu. An yi irin wannan bayan yaƙin basasa. Sojan Najeriya ya tashi daga wajen dubu 10 kafin 1967 ya kai kusan dubu 250 a 1970, da aka zo rage su aka tura wasu aikin ɗan sanda da kwastan da gidan yari. Waɗanda aka bi da su ta kwaleji yadda ya kamata sun zama ma'aikata na kirki. Waɗanda aka canja wa kaki kawai, sun ba mu wahala mu kanmu.

Malamin Tarihi: Maganar Matashi tana da tushe, amma ta girmi 'yan Bama nesa ba kusa ba. Tun 1863 wani hafsan Bature mai suna Glover ya tara wata ƙaramar runduna ta Hausawa a Legas, kuma daga wannan tushen soja da ɗan sandan Najeriya duka suke jawo asalinsu. Wato tun ranar farko ba a raba aikin biyu ba. A 1930 aka haɗe 'yan sandan Arewa da na Kudu suka zama na ƙasa ɗaya, amma a ƙasar sarakuna ba su ke riƙe da gari ba. 'Yan sandan gwamnati suna bariki da Sabon Gari da layin dogo, cikin birni da ƙauyuka kuwa na 'yan doka ne, waɗanda aka tsiro da su daga dogarai. Shugabansu, Wakilin Doka, galibi ɗan sarauta ne. Usman Nagogo ya riƙe 'yan dokan Katsina kafin ya hau gadon sarauta a 1944, Ado Bayero ya riƙe na Kano daga 1957 zuwa 1962.

Abin lura a nan shi ne wa ɗan doka yake yi wa aiki. Albashinsa daga baitulmalin En'e yake fitowa, umarni daga fada, wanda ya kama gaban alƙalin En'e za a kai shi, in an ɗaure shi gidan yarin En'e zai tafi. Shi ne mai rakiyar haraji da jangali, shi ne mai kai sammaci. Da siyasa ta zo, En'e ta zama kusan abu ɗaya da jam'iyyar NPC mai mulkin Arewa, sai ɗan adawa ya zama mai laifi tun kafin ya buɗe baki. Ko limami ka sa wa wannan rigar, tsarin zai tura shi inda ya tura kakan Jikan Saje. Abin da tsohon soja ya ƙara shi ne biyayya ba tambaya, da hannu mai nauyi. Su kuma masu ɗaukar aikin wannan ɗin suke nema.

Ɗan Sawaba: To a nan ne ban yarda da kai ba, Malam. Kullum sai a ce tsari, tsari. Tsari ba shi da hannu. Mutum ne ya ɗaga kulki. A cikin 'yan dokan nan akwai waɗanda in an aike su kamun mutum sai su aika yaro ya riga su, ya ce wane ya bar gida. Mahaifina ya san irinsu, har yana sa musu albarka. In wani ya iya yin haka a cikin rigar, to wanda ya zaɓi duka shi ya zaɓa.

Malamin Tarihi: Wannan gaskiya ce Alhaji, ban musa ba. Abin da nake gudu shi ne a ɗora wa kurtu duk laifin, a bar wanda ya sa hannu a takardar kamu yana shan yabo a littattafai.

Ɗan Damagaram: Sallama daga Zinder. Mu ma a nan Nijar haka abin ya kasance, sai dai namu Faransa suka yi wa yaƙi. Waɗanda suka dawo daga Turai, daga baya kuma daga Indocin, wato yankin Vietnam, da Aljeriya, da yawansu gadin kwamanda aka ba su, su ne masu bin ƙauyuka karɓar haraji da tara mutanen aikin tilas kafin a soke shi a 1946. Tsofaffinmu har yau in suna ba da labarin mulkin Nasara, ba Bafaranshen suke fara ambata ba, mai jar hula suke ambata, don shi suka gani a ƙofar gida. Amma ku duba yadda Faransa ta saka musu. A ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamus suka nemi haƙƙinsu, aka buɗe musu wuta. A 1959 kuma aka daskarar da fanshonsu, na Bafaranshe yana ƙaruwa nasu yana tsaye, ba a gyara ba sai bayan shekara ta 2000, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Jama'a na tsoronsu, masu gidan kuma sun yar da su.

Na Zangon Kumasi: Mu a Ghana labarin ya zo da fuska biyu a rana ɗaya. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano a Accra za su kai wa Gwamna kuka a fadar Christiansborg kan alkawuran da ba a cika ba. 'Yan sanda suka tare su a mararraba, wani Sufuritanda Bature mai suna Imray ya yi harbi, mutum uku suka mutu: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Daga nan gari ya kama da wuta, kuma wannan ne ya gaggauta tafiyar da ta kai ga 'yancin kai a 1957. Abin da nake so ku gani, a wancan zamani ɓangaren 'yan sandan rakiya cike yake da mutanen arewa da tsofaffin sojoji. Wanda ya samu aiki ya tsaya a wannan gefen, wanda bai samu ba ya tsaya a wancan, alhali wataƙila rami ɗaya suka kwana a Bama. A zangonmu akwai gidaje na kowane ɓangare, kuma sun yi auratayya.

Matashin Zaure: Wannan ya taɓa ni. Ban taɓa kallon abin ta nan ba.

Jikan Saje: Na gode ƙwarai. Akwai abin da ban faɗa ba tun farko. Lokacin da aka fara haɗe 'yan doka da 'yan sandan Najeriya a zamanin Gowon, daga 1968, an tace su, aka ɗauki masu ilimin boko da ƙuruciya. Kakana ba ya cikinsu. Ya koma gadin wani sito da dare, da kulkin da ya sassaƙa da kansa. Mahaifina ya ce a shekarunsa na ƙarshe yakan bi wasu gidaje a unguwa da goro, ya zauna a zaure ya gaisa da maigida, ya ce a yafe masa. Wasu sun karɓi goron, wasu sun bar shi zaune har ya tashi.

Ɗan Sawaba: Gidanmu ba wanda ya zo. Da an zo, na san mahaifina zai karɓa, don shi mutum ne mai sanyin zuciya. Ni ne dai abin bai sake ni ba.

'Yar Samanja: Alhaji, ba wanda zai tilasta maka. Haƙƙi ne na mai shi.

Baba Mai Ritaya: Jikan Saje, shawara zan ba ka. Ka nemi littafin sallamarsa na soja in yana nan, a ciki za ka ga lambarsa da bataliyarsa da shaidar halinsa da hafsansa ya rubuta. Da wannan lambar za ka iya zuwa ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji na jiharku. Takardun En'e kuma, da yawa suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Sannan ka je wurin tsofaffin unguwar nan da wayarka ka naɗi maganarsu, har da waɗanda ba su karɓi goron ba. Kada ka tace, ka ajiye yadda suka faɗa.

Jikan Saje: Littafin yana wurin gwaggona, a cikin adakarta tare da lambobin. Zan je ƙarshen mako in sha Allah. Baba Ɗan Sawaba, in ba za ka damu ba, ina so in kira ka in naɗi labarin mahaifinka shi ma.

Ɗan Sawaba: Ka turo mini saƙo ta gefe. Amma ka zo da lokaci, don labarin yana da tsawo, kuma akwai yayata da ta fi ni sanin ranar da aka kama shi, tana tsaye a ƙofar gida aka fita da shi.